Hoton 'Yata da Beyar Kirsimeti

Mama Nokuzola, don Allah ki taimake ni kafin ranar Juma'a.

Wata takwas ke nan da na gudu daga garin Mthatha da 'yata Ongeziwe, mai shekara shida. Mijina direban tasi ne, babu tashar da ba shi da aboki. Ranar da ya fasa min haƙori a gaban yarinyar, ya rantse in na tafi sai ya nemo ni ko ina na shiga. Ba zan faɗi garin da muke ba. Ina wanki da guga a gidajen mutane, muna cin abin da ya samu.

A cocin unguwarmu na ce musu mijina ya rasu. Ƙarya na yi, na sani. Matan coci har da kawo min masara da wake na ta'aziyya, Mama Nozibele shugabarsu ta rungume ni tana kuka.

Ranar Lahadi masu babura suka zo rabon kayan wasa na Kirsimeti kamar yadda suke yi duk shekara, 'yan tsana da beyoyi, wato dabbobin wasa na auduga, ɗaure a baburansu. Ni da kaina na rubuta sunan yarinyar a jerin masu karɓa. Tun da muka gudu ba ta da abin wasa ko ɗaya, kwalbar man shafawa take goyawa. Aka ba ta wata ƙatuwar beyar auduga ruwan ƙasa. Mama, rabon da in ji dariyar yarinyar nan tun muna gida. Ina can ina share hawaye, ban lura ba ashe an ɗauke ta hoto, fuskarta tar, ga sunan cocin da na unguwar rubuce a ƙyallen da ke bayanta.

Da aka watse Mama Nozibele ta ce min, "'Yata, taki ta fi kowa kyau, ita za mu sa a gaba ranar Juma'a." Wato a shafinsu na Fesbuk da jaridar unguwa. Ƙannen mijina mata kullum suna kan waya. Tun ranar ko tasi ta tsaya a ƙofarmu sai in leƙa ta taga. In na yi magana, asirina ya tonu a wurin mutanen da suka riƙe ni. In na yi shiru, yana iya zuwa. Yarinyar kuma sai tambayata take yaushe za ta ga hotonta. Ko in kwashe kayanmu mu sake gudu?

Uwar da ke Ɓoye

*

'Yata,

Kada ki gudu, kada kuma ki jira Juma'a. Yau ɗin nan ki je wurin Mama Nozibele, ki same ta ita kaɗai.

Mutanen nan ba mugunta suka nufa ba. Da hotunan suke nuna wa masu bayarwa cewa kaya sun isa hannun yara, da su ake samun na baɗi. Amma suna da hotunan yara da yawa, ke kuwa 'ya ɗaya gare ki. Ke ce uwa, kina da ikon cewa a'a ko ba ki faɗi dalili ba.

Sai dai ni ina ganin ki faɗa mata. Jimla biyu sun isa: mijina yana raye, gudunsa nake yi. Mai yiwuwa ranta ya sosu, ki ba ta haƙuri. Amma macen da ta daɗe tana shugabancin mata ta sha jin irin wannan, kuma ƙaryar da kika yi ta tsira da rai ce. In ta sani, ita ce za ta kira shugaban masu baburan ta ce duk wanda ya ɗauki yarinyar a wayarsa ya goge. Wannan ba za ki iya ke kaɗai ba.

Daga nan ki nemi ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta raka ki kotun majistare, ki nemi takardar kariya. Ki kuma gaya wa makarantar Ongeziwe cewa ban da ke babu mai ɗaukarta.

Hoton kuwa, ki roƙa a wanke miki guda ɗaya kafin a goge. Ki manna mata a bangon ɗakinku, inda ku biyu kaɗai za ku gani.

Kin yi ƙoƙarin da ya fi wannan wuya ranar da kika fito da ita daga gidan nan. Allah ya tsare ku, ya sa ku yi Kirsimeti cikin kwanciyar hankali.

Mama Nokuzola