Ɗingishin Tela

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da kajin nan naka da ka fi so a kan mutane. Tunda ka rantse ba ka ƙara taɓa waya, ga ni riƙe da biro kamar 'yar makaranta. Direban da ke kai maka wasiƙa ma sai ya gama yi mini dariya yake karɓa.

Yaya, an gama ɗaukar fim ɗinka! A layinmu aka yi kusan komai. Sun sake kafa shagonka na gyaran waya daidai inda aka ƙone shi. Saurayin da ya fito a matsayinka ya fi ka kyau, kada ka ji haushi. Ranar da aka ɗauki wurin da alƙali ke cewa kai ka haɗa wayar da ta tashi bam a tasha, sai da na zagaya bayan motar kaya na sha kuka.

Wanda ya fi kowa iya wasa shi ne mai fitowa a Tela, maƙwabcinmu da ya yi maka shaidar zur. Darakta ya mayar da shi mai aski don kada a kai ƙararsa. Amma ɗan wasan ya yi ta kai ɗinki wurin Tela na gaske, yana zaune yana kallonsa, har ya kwashe tafiyarsa tsaf. In ka ga yadda yake jan ƙafar hagu zuwa gaban alƙali, wallahi sai ka ji kamar ka tofa masa yawu. Ni dai raina ya yi fari. Ka zo ranar nunawa, duniya ta ga wanda aka zalunta.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta.

Auta,

Amin, wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, na gode. Kaji suna lafiya.

Ki je wurin Darakta yau, kada ki bari sai gobe, ki ce ya cire ɗingishin nan. Ke yarinya ce a lokacin, ki tambayi manya: Tela ba ya ɗingishi kafin a kama ni. Tare aka kwashe mu. Bango ne kawai tsakanin ɗakina da nasa, kuma da kunnena na ji abin da aka yi wa ƙafar nan kafin ya ce ya gan ni ina haɗa wayoyi da batir. Ya daɗe yana cewa bai san komai ba. Ya daɗe ƙwarai.

Ban gaya wa Darakta ba don bai tambaye ni ba. Da ya zo nan, launin rigar kurkuku ne ya dame shi.

Ban ce ina ƙaunar Tela ba. Amma na san mutanen layinmu, na kuma san abin da suke yi idan aka nuna musu mutum da yatsa.

Allah Ya tsare ki.
Yayanki.

Yayana,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri, yau gaisuwar gajera ce. Ina gama karanta wasiƙarka na fita.

Na sami Darakta a ɗakin tace fim, ya ɗora ƙafa a kan tebur, fuskar mai askin nan ta cika allo. Na gaya masa komai. Ya ce, “Auta, da mun ɗauki abin da jami'an tsaro suka yi a ɗakin tambayoyi, ba za a ba mu izinin nunawa ba. An faɗa mini haka ƙiri-ƙiri. Fim kuma dole a samu mugu a cikinsa.”

Na ce, “To ka cire ƙafar mana.”

Ya ce, “Ƙafar ce fim ɗin. Kuma ai mun sauya masa sana'a, wa zai gane shi?”

Kowa ya gane shi, Yaya. An saki tallan fim ɗin, yana cikin wayar kowa. Masu kawo wa Tela ɗinki suna zuwa suna karɓe yadinsu ba a ɗinka ba. An watsa wa ƙofarsa baƙin mai. Iyalan waɗanda suka mutu a tasha suna cewa ƙaryarsa ce ta sa masu laifin na gaske suka tsere. Samari suna zama a kan dakalin da ke kallon shagonsa, ba sa hira, ba sa komai, kallo kawai. Shi kuma yana ciki yana taka keke, ban san abin da yake ɗinkawa ba.

Abin da ya fi tsorata ni, mutanen da suka ƙone shagonka su ne yanzu suke rusuna mini suna tambayar lafiyarka. Ranar Asabar za a kafa allo a filin bayan layi, kowa ya kalla kyauta. Na ce wa matar Tela su bar gari, ta ce su je ina? Ina jin tsoro.

Allah Ya kiyaye mu.
Auta.

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina tafe ranar Asabar da motar safe. Ki aro benci ki ajiye a ƙofar shagon Tela. Zan zauna a nan har a gama kallo a watse. Tunda yanzu ni ne abin tausayinsu, ba na jin za su tsallake ni su shiga.

Ki kwantar da hankalinki.
Yayanki.

Zuwa ga Darakta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ne mutumin da ka yi fim a kansa.

Na zauna a ƙofar shagon Tela ranar Asabar. Da aka tashi daga kallo jama'a suka nufo layin gaba ɗaya. Na miƙe zan yi magana, wani ya ce, “Ga shi nan! Shi ne!” Suka ɗaga ni sama a kafaɗa, suna kuka, suna neman gafarata, suka yi bakin titi da ni. Ina ihu a sauke ni, suna zaton murna nake yi. Na baya ba su biyo mu ba, shagon Tela suka afka wa.

Ina rubuto maka daga barandar asibitin da aka kwantar da Tela. Likita ya ce mu yi ta addu'a. Matar Tela tana zaune a ƙasa, ta ƙi karɓar ruwa daga hannun ƙanwata. Ɗazu ta ɗago kai ta tambaye ni ko yanzu na huce.

Idan kana da amsa, ka zo ka faɗa mata da bakinka.

Ka huta lafiya.
Mai gyaran waya.