Yatsu Uku a Saman Ƙofar Alhaji Mamman

Zuwa ga Alhaji Mamman, Shugaban Kwamitin Sintiri na Shiyar Tsamiya, Bungudu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da jama'ar da kake jagoranta. Gaisuwar nan na yi ta ne don an hore mu da yin ta, ba don zuciyata ta huce ba.

Sunana Lawali Ummaru. Na rubuta shi cikakke tunda ka ce ba ka san shi ba. Malamin makaranta ne ni mai ritaya, zane na koyar har gashina ya yi fari. A Gusau nake zaune, amma a Bungudu aka binne cibiyata, lungu biyu ne tsakanin gidanmu da naku. Sau biyu ina zuwa ƙofarka ana ce mini kana hutawa. Na aiko da takarda, shiru. Shi ya sa na kawo maganar fili, tunda a fili ka tozarta ni.

Bari in fara da bayani saboda waɗanda ba su san ni ba sai a bidiyon mutanenka. Shekara uku da suka wuce likita ya ce jinina ya hau, in ina son ganin girman jikokina to in riƙa taka ƙasa kowace safiya. Ni kuwa yawo babu dalili gundurata yake yi. 'Yata ta ba ni wata 'yar kyamara da ta daina amfani da ita, ta ce in riƙa ɗaukar abin da na gani a hanya. Na fara da Gusau: tsofaffin kantunan wajen tashar jirgin ƙasa masu dogayen baranda da kwano mai tsatsa, da sababbin benaye masu shuɗin gilashi da ake dafuwa a ciki in wuta ta ɗauke, da zaurukan ƙasa da suka rage a lunguna, zankwayen saman su sun gutsuttsure kamar haƙoran tsoho.

Wata safiya ruwa ya tare ni, na fake a wani zaure. Ina ɗaga kai sai na ga sawun yatsu uku a saman ƙofa daga ciki, an danna su a yaɓe tun yana ɗanye. Sai da na nemi wurin zama. Hannun mahaifina ne, Ummaru magini. Shi haka yake yi in ya gama aiki, ba ya rubuta suna, yatsunsa yake bari. Ya rasu bai bar hoto ko ɗaya ba, don bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. Tun daga ranar yawona ya sami alƙibla. Na samo zaurukansa huɗu a Gusau, uku a Tsafe, ɗaya a hanyar Kucheri, biyar a Bungudu. Uku daga ciki yanzu babu su, sai a hotunana.

Kuma ga yadda nake aikina. Ina yin sallama, in nemi mai gida, in faɗi sunan ubana. In ya yarda, in ɗauki fuskar zauren da yatsun, in auna kaurin bango da kamu kamar yadda aka koya mini, in taka tsawon katanga da ƙafa, in rubuta a ɗan littafina. Ban taɓa wuce zaure ba, ban taɓa ɗaukar hoton matar kowa ba. To, yanzu ga ƙorafina.

Na ɗaya. Asabar ta biyu bayan ƙaramar Sallah, da hantsi, ina zauren Baba Audu a shiyarku. Shi tsohon da kansa ya shimfiɗa mini tabarma, ya nuna mini inda indararo ya ci bango. Ina cikin aunawa sai ga mutanenka uku da sanduna. Babban cikinsu ya ce, "Kai, mi kaka auna ga ginin mutane? Wa yat turo ka?" Na fara bayani, ba su bari na kai ƙarshe ba. Suka fizge kyamarar, suka buɗe littafin, suka ga sunayen masu gidaje da yawan ƙofofi da tsawon katanga. Ɗaya ya ɗaga shi sama ya ce an kama infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Suka ja ni waje suka zaunar da ni a ƙasa, hulata a kwata, ni da na koyar da sa'o'in iyayensu. Kafin in ankara lungun ya cika, kuma na ga wasu sun fara duƙawa suna tsintar duwatsu. Baba Audu yana ta cewa shi ya ba ni izini, babu mai sauraronsa.

Na biyu, kuma wannan shi ne ya hana ni sakewa har yau. Ni na ce a kira ka. Da bakina na ce, a kira Alhaji Mamman, ya san ni. Da na hango ka tafe hankalina ya kwanta, har na fara kakkaɓe rigata. Ka iso, ka dube ni daga sama har ƙasa, ka juya ga jama'a ka ce, "Wanga ban san shi ba. Ku riƙe kayan nai." Ka sa hannu a aljihu ka koma inda ka fito.

Alhaji, ka san abin da kalmar infoma take nufi a ƙasar nan a wannan zamani. Ka san mutum nawa aka rasa a kan zargin da bai kai wannan ba. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa ta watsa taron, ka hana ni ita. Da Baba Audu bai ja ni cikin zaure ya sa sakata ba, ya tsaya a bayan ƙofa yana rantsuwa har mutane suka gaji, da yanzu iyalina suna karɓar gaisuwa. Tsoho mai shekara tamanin ya yi abin da shugaban sintiri ya kasa. Na zauna a ƙarƙashin azarar da ubana ya jera, ina jin duwatsu suna dukan ƙyaure, ina mamakinka.

Na uku. Ɗaya daga cikin mutanenka ya ɗauke ni a waya ina zaune a ƙasa, kuma kafin in iso Gusau bidiyon ya riga ni. Maƙwabcina da muke sallah kafaɗa da kafaɗa shekara da shekaru yanzu sai ya bar gurbin mutum ɗaya tsakaninmu. Matata ta je suna, tana shiga aka yi tsit. Mai shayin da nake hutawa wurinsa a Tsafe ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce, "Malam, don Allah kak ka sauko nan yanzu, an ga hoton nan." Yawon da likita ya sa ni ya tsaya. Daga ɗaki sai tsakar gida, ina zagaye rijiya kamar akuyar ɗaure. Duk wanda ya tsaya da babur a ƙofar gidana sai in tashi in leƙa ta ramin ƙyaure. Wannan aikinka ne, kuma kai kaɗai za ka iya warware shi.

Na huɗu. Bayan kwana uku an aiko mini da kyamarar, an cire memori, littafin kuma babu shi. Aka ce suna hannunka ana bincike. Wane irin bincike ne ya kai wata uku bai ƙare ba? Hotunan bango ne da ƙyaure da zanko. Ko wanda bai yi makaranta ba zai gama duba su kafin shayinsa ya huce.

Na biyar. Na san abin da za ka fake da shi, tsaro. Kada ka koya mini tsaro. Ina da 'yan'uwa a wajen Mada da suka bar gonakinsu ga ciyawa, na kuma raka gawa fiye da yadda nake son tunawa. Ban ga laifin mutanenka ba da suka tsaya suka tambaye ni, aikinsu ne, kuma na yarda wanda bai san gini ba in ya ga littafina zai iya tsorata. Ni ma na yi wauta da ban fara zuwa wurin mai unguwa ba, na ɗauka garin haihuwata ne. Amma dalilin naɗa dattijo a kan masu sanduna shi ne ya bambance baƙon da ake tsoro da ɗan gari. In shugaban bai iya wannan ba, ko ya iya ya ƙi, to me yake shugabanta? Su sun yi kuskure cikin rashin sani. Kai da saninka ka yi.

Na shida, tunda ba za ka faɗi dalilinka ba, ni zan faɗa maka. Shekarar bara ka rushe zauren gidanku ka jera shaguna. Gidanku ne, babu mai hana ka. Amma a wurin wata ta'aziyya, gaban mutane, na ce maka ka rushe abin da kuɗinka ba zai iya sake ginawa ba, na ce shagunan sun yi kama da akurkin kaji. Na yarda bakina ya yi kaifi, kuma ba wurin faɗar haka ba ne. Ka sha mur, ka tashi ba sallama. In rama wannan kake so, da ka tare ni ka zage ni, da na shanye. Amma don an kushe maka shago ka miƙa mutum ga masu duwatsu? Wannan ba ramuwa ba ce, mugunta ce, kuma ba zan saka mata wani suna ba.

Ga abin da nake nema.

Ka tsaya a masallacin shiyarku bayan sallar Juma'a, ka faɗi sunana da na ubana, ka ce ka san ni, ka ce ba infoma ba ne ni. Wanda ya ɗauki bidiyon farko ya ɗauki wannan da wayar tasa, ya tura shi duk inda ya tura wancan. Ban nemi ka durƙusa ba, ban nemi ko sisi ba. Sunana nake so a mayar mini, don in iya fita in sayi goro ba tare da ina waiwaye ba.

Ka dawo mini da memori da littafina yadda aka karɓe su, ba a goge ba, ba a yage ba.

Ka je ka gaishe da Baba Audu, ka gyara masa ƙyauren da aka fasa.

Na ba ka Juma'a biyu. In sun wuce ban ji komai ba, zan kai maganar inda doka ta tanada, kuma Baba Audu ya ce ko a kan jaki ne zai je ya ba da shaida.

Saura abu ɗaya. Masu karatu za su yi mamakin abin da ya sa yatsu uku ne ba biyar ba. Kai ba za ka yi mamaki ba. Lokacin da mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya kira mahaifina ya gina masa gida, ni da kai muke ɗaukar ƙasa a kwando, kwano ɗaya innarka take zuba mana tuwo. Ranar da ake ɗora azarar zaure, ɗaya ta kuɓuce ta sauko daidai inda kake tsaye. Babana ya tare ta da hannun dama. Kai ko ƙwarzane ba ka yi ba, shi kuwa yatsunsa biyu a nan suka tsaya. Mahaifinka ya yi kuka, ya ce a bar aikin. Babana ya ce ba ya barin gini babu rufi. Da hannun ya warke ya dawo ya ƙarasa, kuma a gidanku ya fara danna yatsu ukun da suka rage masa.

Yatsun da ya bari a zauren, ka rushe su da katafila, hotonsu yana cikin memorin da kake riƙe. Amma ya bar wasu a soron ciki, wanda ka yi wa siminti ta waje ka mayar ɗakin kwananka. Na san suna nan, don ina riƙe masa kwanon yaɓe lokacin da ya danna su. Yau in za ka fita, tsaya a bakin ƙofa, ka ɗaga hannu sama ta ɓangaren dama, ka lalluba. Ka sa yatsunka a gurbin nasa, za ka ga biyu naka sun rasa wurin shiga. Daga nan ka fito masallaci ka sake gaya wa mutane ba ka san ni ba, in bakinka zai iya.

Ina roƙon Allah ya kawo mana zaman lafiya a Bungudu da Tsafe da Gusau da ƙauyukansu. Allah ya tsare mutanenka a bakin aikinsu, ya ba su haƙurin sauraro. Kai kuma Allah ya ba ka ikon gyara abin da ka ɓata tun kana da hali, kuma ranar da za ka waiwaya cikin taro kana neman wanda zai ce ya san ka, Allah ya sa kada a yi maka abin da ka yi mini.

Wassalam.

Lawali Ummaru, ɗan Ummaru magini,
Gusau.