Ba a Buga Ƙofar Bajamushiya

Yaya,

"Malama, ki gafarce ni, wannan ai gawa ce aka yi wa wanka. In kin yarda, gobe in zo a kwance ta. Fitilu daban, kujeru daban, ƙofofin nan kuwa da mai jiransu."

Yi haƙuri na sa bakin dillali gaban gaisuwarka. Ina fata kana lafiya, da Anti da yara, da marasa lafiyarka na can, waɗanda na tabbata suna bin umarninka yadda muke bi a nan. Mama tana gaishe ka. Baba yana nan yadda ka bar shi bara. Idon ya tafi sai inuwa-inuwa, yana ɗaki a kwance, rediyo a kan ƙirji.

Ka ce tunda na zo hutun jami'a in nemo wanda zai sayi motar Baba, na nemo. Da na yaye tamfol, Yaya, sai na ga ashe na manta girman Bajamushiya, kamar yadda muke kiranta. Baƙa wuluk, doguwa, ta cika garejin har sai mutum ya bi ta gefe a karkace. Ta girme ni, amma katakon gabanta yana sheƙi, ƙamshin fatar kujerun yana nan, ƙaramin agogon nan ma bai fasa bugawa ba. Sai dai tayoyin sun zauna. Da na tayar da ita ta yi ta tari tana karkarwa, ruwa na ɗiga daga salansa. Mama ta ce ita dai ba ta saɓa maganarka ba: kullum da safe tana tayar da ita, ta bar ta har ruwan shayi ya tafasa, ta kashe. Tun bara ba a taɓa fita da ita ko ƙofar gida ba.

Dillali ya gama leƙe-leƙensa ya fito, ya maka ƙofar da ƙarfi. Sai muka ji murya daga cikin gida, muryar da na yi shekara ban ji an ɗaga ba: "Wane mara tarbiyya ne wannan?"

Dillali ya ce, "Wane ne?"

Na ce, "Mai gawar."

Ka tuna dokar: ƙofar Bajamushiya ba a buga ta, raka ta ake yi. Na sallami mutumin. Yanzu sai ka gaya mini abin da zan faɗa wa Baba, don kunnensa bai yi ritaya ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka

*

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na sami wasiƙarki, na kuma gode da ɗawainiya. Allah ya saka da alheri.

Ina roƙon ki ajiye ba'a ki dubi lamarin da idon basira. Baba yana da hawan jini. Ba zai sake tuƙi ba, wannan a matsayina na likita nake faɗa miki. Duk safiyar da ya ji ƙarar motar nan, tuna masa ake da abin da ya rasa. Abin da yake bukata hutu ne da kwanciyar hankali. Kada a bar shi yana fita, kada a tayar masa da hankali. Ki ce masa za a kai ta gyara ne, dillali ya ɗauke ta, a hankali zai saba. Kafin nan Mama ta ci gaba da ɗumama ta yadda na ce, kada a motsa ta.

Na san kina ganin ba ni da tausayi. Ki tuna ke auta ce, an ɗora ki a kujerar baya kina barci. Ni ne nake wanke ta tun hannuna bai kai rufinta ba, kuma har na gama karatun likita Baba bai taɓa miƙo mini makullinta ba. A gidanmu ita ce 'yar fari, ni na zo na biyu. Ƙarfe ne dai, kuma ya ci zamaninsa.

Ki gaida Mama da Baba. Allah ya ƙara masa lafiya.
Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka zauna kafin ka karanta, kai ma ban san yanayin jininka ba.

Na shiga wajen Baba da ƙaryar da ka rubuta mini, na haddace ta tsaf. Ban kai rabi ba ya ce, "Uwata, wanda zai kai mota gyara ba ya tambayar kuɗin ƙofa." Ya kashe rediyo ya tashi zaune. Ya ce shekara guda ke nan yana kwance yana jin muna kashe ta kowace safiya. Wai injin da aka tayar aka kashe bai yi zafi sosai ba, gumi yake tarawa a ciki, salansa ta ruɓe, fulogi su yi baƙi, batir ya tsotse, man tanki ya tsufa ya yi tsami. Na ce me ya hana shi magana? Ya ce, "An ce kada in tayar da hankalina."

Sai ya ce in kama hannunsa mu je gareji.

Yaya, na shekara goma ina koya wa ɗalibai yadda ake karanta rubutu, ban taɓa ganin karatu irin na ranar ba. Na buɗe bonet, ya zura hannuwa biyu, ya bi injin da 'yan yatsu kamar mai shafa fuskar jikansa. Ya matsa wata roba ya ce ta bushe. Ya taɓa bel ya ce ya saki. Ya shinshina baƙin mai a yatsa ya yi tsaki. Ni ce idanu da hannu, shi ne kai. "Sifana ta uku daga hagu, Uwata. Ba wannan ba, na ji ƙararta, wannan ta yi girma." Na karya farce biyu, na koyi zagin da ban san ina da shi ba. Birki da tayoyi kam mun kira bakanike, Baba ya zauna masa a kan kujera yana sauraron kowane noti, har bawan Allah ya raɗa mini, "Hajiya, da gaske ba ya gani?" Albashina na wata ya bi ta salansa, ba na son a tuna mini.

Ranar Asabar da safe ya sa aka goge masa babbar riga. Ya tsaya a gefen motar, ya laluba aljihu, ya miƙo mini makulli. Na tsaya ina kallonsa. Ya ce, "Karɓi mana, ko ke ma idon ne?"

A cikin gari ta yi ta gunaguni, tana tari a kowace danja, hayaƙi na bin mu har masu babur suna toshe hanci suna yi mana addu'ar da ba ta alheri ba. Baba yana ba ni hanya daga ƙwaƙwalwa: "In kin wuce gidan mai ki yi dama." Gidan man nan an rushe shi, gada ce a wurin yanzu. Na gaya masa. Ya ce, "To hau mu ji."

Da muka fita babban titi ya ce, "Taka." Na taka kaɗan. Ya ce, "Uwata, ba ƙwai ba ne a ƙarƙashin ƙafarki. Taka!"

Na taka. Ta yi wani dogon kaki, ta tofar da baƙin hayaƙi a bayanmu, sai kuma komai ya ɗauke. Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Ta ɗan durƙusa ta kama ƙasa, karkarwar ta tafi, ƙarar ta tafi, sai bugun ƙaramin agogon nan kawai nake ji. Bishiyoyi na wucewa kamar ana jan labule, mu kuwa kamar muna zaune a falo. Wasu mutane a wata ƙasa, kafin a haife ni, sun zauna sun ƙera abu don wannan lokacin, sannan abin ya yi shekara a ƙarƙashin tamfol yana jira bai manta ba. Ka san ni da raina abin mamaki. Wannan kam ban raina ba.

Baba ya ɗora tafin hannu a kan katakon gaba, ya faɗi gudun da muke yi. Na dubi allurar gudu, haka ne. Ya sauke gilashi iska ta cire masa hula, ya bar ta. Da muka dawo ya ci abinci har ya nemi ƙari, Mama ta shiga kicin ta yi kukanta.

Dillali ya kira sau biyu, ban ɗauka ba.

Taka,
Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Ban yi barcin kirki ba tun da na karanta wasiƙarki. Kin ɗauki dattijo mai hawan jini, a motar da ta shekara a tsaye, kin yi gudu da shi a babban titi. Da taya ta fashe fa? Wa za ki ce ya aike ki?

Kuma ki yi tunani, hutunki ya kusa ƙarewa. Za ki koma garin da kike aiki, Mama ba ta tuƙi, motar ta koma ƙarƙashin tamfol, shi kuma ya koma ɗaki da sabon ciwon rai. Kin ɗanɗana masa zuma za ki ɗauke kwanon. Maganata tana nan, a sayar.

Ki auna mini jininsa ki turo.

Wai har yanzu in an buɗe akwatin gaba ƙaramar fitilar nan tana kamawa?

Yayanki

*

Zuwa ga ɗana Likita,

Bayan sallama da sa albarka. Ni nake faɗa, mahaifiyarka take rubutawa, don haka in ka ga abin da bai yi kama da bakina ba, nata ne.

Uwata ta karanta mini wasiƙunka duka biyu, na tilasta mata. Ban ji haushi ba. Ka ba mu magani iri ɗaya ni da Bajamushiya, wato hutu. Ita dai bai karɓe ta ba. Ni ma ka bar ni in riƙa taka ƙafata zuwa bakin titi. (Jiya ya je har shagon mai aski, ni na raka shi, ya fi ni sauri. Jininsa kuma lafiya lau, an auna.)

Ka yi gaskiya a abu ɗaya: in ta zauna a gidan nan mutuwa za ta yi, ina ji da kunnena. Ba zan sayar wa mahauta ba, ba kuma zan riƙe ta don in riƙa shafa ta ba. Na ba Uwata. Ta tafi da ita, ta je aiki da ita kullum, ta sha wahalarta. In an yi hutu ta kawo mini ita in ji muryarta. (Ya ce kada in rubuta cewa ya yi shiru a nan. Ya yi.)

Ka ce ban taɓa ba ka makulli ba. Haka ne. Ina jira ne ka roƙa, kai kuma ka gado ni, ba ka roƙo. Makullan biyu ne. Ɗayan yana nan a aljihuna da sunanka, in ka zo ka karɓa da hannunka, ba na aikawa.

Fitilar akwatin gaba tana kamawa. Uwata ta duba.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifinka

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, daga gidan mai nake rubuto maka, wurin da na fahimci zan ƙarasa sauran rayuwata. Na gaji sarauniya mai ciwon gwiwa, ta fi ni ci, kuma ba ta san ana tsadar rayuwa ba.

Da safen nan na loda littattafaina a but. Mama ta cika kujerar baya da kayan da ban roƙa ba. Baba ya fito da kansa har ƙofar gida, ba wanda ya riƙe shi, hannunsa na bin jikin motar tun daga fitilar baya har ya iso inda nake. Na zauna, na miƙa hannu zan jawo ƙofa, ya ce, "Bari."

Ya riƙe ta ya ɗan jima. Ya ce in kula da ruwan lagireto, in kuma daina taka birki kamar mai kashe kunama. Sannan ya raka ta da yatsu biyu, a hankali, har ta kai.

Ka san ƙarar. Tim. Duk hayaniyar titi ta tsaya a waje.

A madubi na gan shi tsaye ya karkata kai, yana jira ya ji ta canja giya. Na taka.

Ƙanwarka