Kukar da Na Ɗauko a Kai

Dudunni, Kusada
Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata Maimunatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Yaya Jafaru da yara a can Fatakwal. Allah ya ƙara maku lafiya, ya tsare ku a baƙon wuri. Mu nan mun gode Allah, an gama yankan gero, saura wake. Ƙafar Kaka ta yi sauƙi, Inna ma ta fara cin abinci sosai. Na ba direba Ɗanmaliki takardar ne don maganar ba ta waya ba ce. Kin san wayar Baba, in ana magana har maƙwabta ji suke, ni kuma kin san nauyin bakina.

Yaya, tun ranar da aka kai Kamila makwancinta na daina salla. Gaskiyar ke nan. Kwana tara da ƙanwarmu ta yi tana fama da zazzaɓi a asibiti, azumi na yi ta yi, na roƙi Allah har muryata ta dushe. A littattafan soyayyar da nake ɓoyewa ƙarƙashin katifa, duk wadda ta yi kuka a kan sallaya, kafin babin ƙarshe an share mata hawaye. Ni na yi nawa, aka dawo mana da ita naɗe cikin tabarma. Sai wani abu ya tokare mani ƙirji. Ban ce babu Allah ba, wa'iyazu billahi. Fushi na yi da Shi, irin wanda nake yi da ke in kin ɓata mani rai, in ƙi magana.

Da farko na ce ina fashin salla. Kaka ba ta tanka ba, ashe ƙirga kwanaki take. Da aka wuce sha biyar ta tsare ni a madafi ta ce ba macen da ke kai haka. Sai na koma ɗaukar buta in zagaya bayan ɗaki in zubar da ruwan, in shiga in zauna kan sallaya kawai. Ita kuma ta riƙa duban ƙafafuna tana ganin su a bushe.

Ranar Talata bayan azahar barci ya ɗauke ni a inuwar rumbu, na yi mafarki. Wai na ɗauko kukar nan ta bakin hanyar kasuwa a kaina, har da saiwoyinta, ina bi gida-gida ina neman mai sauke mani. Kowa sai ya rufe ƙofa. Gida ɗaya ne ƙofarsa a buɗe, shi kuma in na zo dab sai in kauce. Na farka wuyana na ciwo. Na yi wautar faɗa wa Inna, Inna ta faɗa wa Kaka. Kaka ta dafe ƙirji ta ce yanzu magana ta fito, kuka gidan iskoki ce, su suka shafe ni suka hana ni salla. Baba ya yanke cewa ranar Asabar za a kai ni ƙauyen Boko wurin mai ruƙiyya. Na taɓa ganin yadda aka yi wa wata 'yar ajinmu, an danne ta ana tambayar aljanin sunansa. Ni me zan ce masu? Ba kowa a jikina sai ni. In na yi shiru a danne ni, in na faɗi gaskiya Baba ya ji 'yarsa na gaba da Ubangijinta. Gaba kura, baya sayaki.

Ranar Alhamis Goggo Zahra ta zo daga Kankiya, kin san har yanzu tana koyarwa a Islamiyya. Ta ja ni ɗakin Inna, ta sa na maimaita mafarkin sau biyu, na ƙarasa da faɗa mata komai. Ta ce ita ba gwanar fassara ba ce, Allah ne masani, amma in sake faɗin sunan abin da na ɗauko, a hankali, in manta da itace. Na ce kuka. Sai na ji kalmar da kunnena. Ta buɗe Suratu Yusuf ta nuna mani inda Annabi Yakubu, bayan idanunsa sun yi fari don baƙin cikin ɗansa, ya ce shi Allah kaɗai yake kai wa kukansa. Ta ce annabi ne guda, bai ɓoye zafin ba, ba a kuma kama shi da laifi ba, ya dai san ƙofar da ake kai irin wannan kaya. Amma ta ce ba za ta faɗa wa Baba ba, wannan nawa ne.

Da la'asar na yi alwala ta gaske. A sujada na ce wa Allah na ji zafi, ban gane ba, kuma na gaji da fushin. Abin da ya tokare ni bai tafi duka ba, amma ya motsa.

Juma'a da hantsi na iske Baba yana gyara jinkar rumbu. Na durƙusa, idona a ƙasa, na faɗa mashi. Na ɗauka mari zan sha. Can, ba tare da ya dube ni ba, ya ce shi ma tun da ya sa Kamila a kabari da hannunsa yana bin jam'i, amma in aka zo addu'a hannuwansa ba su ɗaguwa. Ya ce an fasa zuwa Boko, in ɗauko Alƙur'ani in nuna mashi wurin da Goggo ta nuna mani. Muka karanta tare. Shi ya fi ni tsayawa a hanya.

Yanzu ina rama sallolin kwana arba'in da ɗaya da ke kaina, a hankali. Kaka ba ta yarda ba tukuna, kullum sai ta turara mani habbatus sauda, na ƙyale ta. Ki sa ni a addu'a, ki sa Baba. Ki gaida Yaya Jafaru, ki shafa mani kan Murtala da Nana Aisha. Inna, Kaka da Goggo Zahra duk suna gaishe ku. Baba ya ce kada kowa ya ji maganarsa, ko Inna. Ke kaɗai na faɗa wa, don haka in kin gama karantawa ki yaga.

Taki ƙanwa,
Zinariya