Inna Ba Barci Take Nema Ba

Zuwa ga mai girma jami'in da ke kula da harkar lafiya a yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni malamin firamare ne a ƙasar Gwiwa. Na rubuto a fili ne don na yi sintirin ofis har na gaji, maganar kuwa ta mahaifiyata ce.

Daminar bara maciji ya sari yayana a wajen kiwo, ko asibiti bai kai ba. Shi ne ɗan farin Inna. Ka san Bafulatana ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma yi masa kuka a gaban mutane. Ta karɓi gaisuwa idonta a bushe, ana ta yabon haƙurinta. Bayan arba'in ta daina tatsa, ta daina kai nono kasuwa, abinci sai an matsa mata. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, addu'a kuwa har gobe muna yi. Da abin ya ƙi, na goya ta a babur zuwa asibiti. Ga abubuwa uku da na gani a can.

Na ɗaya. A layi mun tarar da wani saurayi da shaye-shaye ya taɓa, da wata mai jego da ke tsoron ɗaukar jaririnta. Kowa ya shiga, minti biyar ba ta cika ba ya fito. A wajen karɓar magani na ga ƙwaya iri ɗaya aka rubuta wa su biyun da Inna. Ni ba likita ba ne, kuma ban zargi ma'aikacin ba, shi kaɗai ne ga jama'a cike da baranda. Amma ciwon nan uku ba ɗaya ba ne.

Na biyu. Ƙwayar ta sa Inna wuni tana barci, hannunta na rawa, ko ƙwarya ba ta iya riƙewa. Na koma na faɗa, aka ce a ci gaba.

Na uku. Hausar Inna ta ciniki ce, don haka ni ke yi mata tafinta. Wace uwa ce za ta faɗi abin da ke cin ranta ta bakin ɗanta? Duk tambayar da aka yi, sai ta ce lafiya lau.

Ana nan Allah ya kawo wata ma'aikaciyar jinya mai jin Fillanci. Ta ce in jira a waje. Duk mako sai ta zauna da Inna su biyu, ba ta taɓa neman ta ambaci sunan mamacin ba. Ta yi magana aka rage maganin. Mu kuma ta ce mu mayar wa Inna saniya guda ta riƙa tatsa, mu daina yin shiru in an ɗauko zancensa. A zuwa na biyar, ina bayan ƙofa na ji kukan mahaifiyata. Bayan nan sau biyu tana kai nono kasuwa.

Sai aka yi wa ma'aikaciyar canjin wajen aiki, ba a kawo kowa a madadinta ba. An ce in kai Inna Kano. Ranka ya daɗe, tsohuwar da iyakarta Kazaure, wa za ta buɗe wa cikinta a can? Ta koma gefen gado ta zauna, saniyar kuma matar yayana ke tatsa.

Roƙona: a dawo mana da ma'aikaciyar nan ko irinta, ko da rana ɗaya a mako. A koya wa ma'aikata zama da sauraro, ba rubuta magani kaɗai ba. A ware ɗaki mai ƙofa, a samo mai jin harshen marar lafiya.

Jiya Inna ta tambaye ni, “Yarinyar nan ta dawo?” Na ce tukuna. Ban san sau nawa zan iya ƙara faɗa mata haka ba.

Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka gama lafiya, ya ji ƙan magabata.

Wassalam.

Haruna, daga ƙasar Gwiwa