Takardar da ke jiran sa hannuna

Juma'a da dare, Gorton

Tun daga Birmingham nake juya takardar nan a jirgi, har yanzu na kasa ajiye ta. Manajar asibiti ce ta kira ni ofis, wai na kira Alex da muke aiki tare da "she", wato "ita", a gaban marasa lafiya, alhali "they", wato "su", Alex ke so a ce, kuma ita ce ƙa'idarsu yanzu. Wallahi suɓutar baki ce. Ran Litinin take so in sa hannu cewa ba zan sake ba.

Kuma ƙarar ba daga Alex ta fito ba. Shekara biyu Alex ke riƙe mini aiki in je masallaci. Da roƙo ne tsakaninmu, ai da na yi da zuciya ɗaya. Amma a tsare ni da takarda, a zaɓa mini kalmar da zan furta? Gajiya da auna magana ce ta raba ni da ƙasarmu.

Maman Amina ta ce, "Baban Amina, bizarmu fa a hannunsu take. Ka ajiye taurin kan nan."

Gaskiyarta, zan sa hannu. Amma sai na fara neman Alex na ba da haƙuri da bakina, ba tare da wani ya tilasta ni ba.