Alwalar Baban Muna

Sotega, Libreville

Yaya Malam Abdoul,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da mutanen gida na Garwa. Ni ce Hadidja, matar ƙanenka. Wallahi hankalina a tashe yake.

Ƙanenka Hamadou, Baban Muna, yana asibiti. Sun sa masa wata siririyar roba a jijiyar hannu, ta nan magani ke shiga jininsa, an rufe wurin da filasta. Nas Damaris, 'yar Najeriya ce mai jin Hausa, ta ja mana kunne cewa ruwa kada ya taɓa wurin, don ƙwayar cuta na bin robar nan ta shige jini kai tsaye.

To ka san halin ƙanenka. Kowace salla sai ya ɓare filastar ya wanke hannu har gwiwa da ruwan famfo, ya mayar da ita a jiƙe. Na roƙa, na yi kuka. Ya ce shi da bai taɓa wasa da alwala a kasuwa ba, ba zai fara a gadon ciwo ba. Jiya wurin ya yi ja, ya kumbura.

Maganata ba ta shiga kunnensa, taka kuwa ba ya tsallakewa. Don Allah, Yaya, ka rubuto.

Ƙanwarka,
Hadidja

Garwa

Hadidja,

Wa alaikumussalam. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri. Na yi tafiya ƙauye, shi ya sa amsa ta jinkirta.

Ki karanta masa wannan. Hamadou, taurin kan nan naka ba tsoron Allah ba ne. Wanda ruwa zai cutar, taimama aka yi masa sauƙi da ita, kuma sallarsa cikakkiya ce. Ni na koya maka alwala, ni kuma nake ce maka ka bari. Kada ka sake taɓa filastar nan.

Na bar ku lafiya,
Abdoul

Libreville

Yaya,

Bayan gaisuwa, takardarka ta iso. Kafin ta zo zazzaɓi ya rufe shi da karkarwa. Sun cire robar, sun ce cutar ta shiga jini.

Na karanta masa a kunne. Ya buɗe ido ya ce, "To, Yaya, na bari."

Tun daga nan jikin ya ƙara tsananta, bai sake tambayata ko lokacin salla ya yi ba, shi da kullum sai ya tambaya. Ku taya mu addu'a.

Hadidja